Jirin Inna: wata biyu tana shan ƙwaya, ɗaki bai daina juyawa ba

Adda Jummai: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ma'aikatan lafiya na cikinmu ku ba ni shawara. Innarmu ce, shekarunta sun haura 65. Tun bayan babbar salla take fama da jiri. Ba ya daɗewa. In ta juya a kan gado ta ɓangaren dama, ko ta ɗago daga sujada, sai ta ce ɗakin na juyawa da ita kamar fanka. Ta damƙe dadduma ta rintse ido, kafin ka ƙirga talatin ya lafa. An auna hawan jini, an auna suga, duk lafiya lau. Wani mai kemis ya ba ta Stugeron safe da dare, yau wata biyu ke nan. Yanzu ga barci kamar kasa, ga jirin yana nan daram. Goggonmu kuwa ta kafe wai iska ce, a nemo hayaƙi.

Usman Kemis: Wa alaikumus salam Adda. Allah ya ba Inna lafiya. Ai maganin jirin ke nan aka ba ta. Wataƙila bai kai mata ba ne, a mayar da shi sau uku a rana.

Sista Rifkatu: Kai Usman, ka ji tsoron Allah! Tsohuwa tana barci tsaye ka ce a ƙara mata? Adda Jummai, kafin komai, amsa min: bakinta ya taɓa karkacewa? Magana na sarƙe mata? Tana ganin abu bibbiyu, ko hannu da ƙafa sun yi mata nauyi, ko ta kasa tafiya sam? In akwai ko ɗaya daga ciki, ki ajiye wayar nan ki kai ta asibiti yanzu, don jiri irin wannan yakan zama shanyewar ɓarin jiki ce ke sallama.

Adda Jummai: Babu ko ɗaya Sista. Jiya ma ita ta tsince shinkafa, tana yi tana gyangyaɗi.

Sista Rifkatu: To madalla. Yadda kika faɗa ɗin nan ya fi kama da matsalar cikin kunne. Malam Buba, kana ina? Wannan darasinka ne.

Ɗanjuma Direba: Kunne kuma? Me ya haɗa kunne da jiri? Ni na ɗauka rashin jini ne ko yunwa.

Malam Buba: Ga ni, yanzu na fito daga aji. Ɗanjuma, wancan jirin na yunwa ko na rashin jini daban yake, shi ne wanda ido ke yin duhu in ka miƙe da sauri. Wanda duniya ke juyawa da kai, irin hajijiyar da muke yi muna yara a ƙofar gida har mu zube, wannan daga can cikin kunne yake, bayan dodon kunne, cikin ƙashi.

A kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa kamar awarwaro, kowanne ya fuskanci nasa ɓangaren, cike da ruwa. Kusa da su akwai 'yan jakunkuna biyu. Ɗauki ƙwaryar fura da nono ka juya ta da sauri: ƙwaryar ta tafi, furar ta ɗan tsaya a baya. In ka tsayar da ƙwaryar kuma furar ta ci gaba da zagayawa. Haka ruwan nan yake yi in ka juya kai. A gindin kowane bututu akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi a ka, ruwan ya ture gashin ya kwanta, ƙwayar ta san an juya. Yaro in ya gama hajijiya ya tsaya, ƙafarsa ta tsaya amma furar kunnensa ba ta tsaya ba.

Ɗanjuma Direba: Furar kunne! Allah ya gafarta Malam, wallahi da haka aka koya mana a makaranta da ban ƙare a tasha ba.

Malam Buba: Tsaya, ba mu zo wurin ba tukuna. Ƙwayar mai gashin nan ta san an juya, to ta yaya za ta gaya wa ƙwaƙwalwa? Ita da jijiyar da za ta kai saƙon ba a manne suke ba, akwai 'yar rata a tsakani da ido ba ya gani. Ruwan cikin bututun yana da yawan gishirin potasiyam, abin da ba a saba gani ba a sauran ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki. In gashin ya kwanta ta ɓangare guda, sai wasu 'yan ƙofofi su buɗe a samansa, potasiyam ya kwarara ciki, lantarkin ƙwayar ya canza, kalsiyam ya shiga ta gindinta, sai ta fesa wani sinadari cikin ratar. Sunansa gulutamet. Shi ne ɗan aiken. Ya tsallaka ya taɓa bakin jijiya, jijiya ta harba saƙo. Jijiyar ita ce ta takwas cikin goma sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kuma ita ce dai ke ɗauke da ji.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, kuma shi ne ɗalibaina ke yawan faɗuwa a kansa: ƙwayar ba ta jira sai ka motsa. Ko kana kwance shiru tana ɗiga gulutamet, jijiyar tana harbi. A 1971 masu bincike biyu a Amurka, Goldbag da Fanandes, sun auna wannan a jikin birai, suka samu kusan harbi 90 a daƙiƙa ɗaya alhali dabbar ba ta ko motsi. Ku ɗauka makaɗa biyu ne, ɗaya a kunnen dama ɗaya a hagu, suna kiɗa bai ɗaya dare da rana. Ka juya dama, na dama ya ƙara sauri, na hagu ya rage. Ƙwaƙwalwa ba ƙarfin kiɗan take saurare ba, bambancin da ke tsakaninsu take bi. Kiɗa ya zo daidai, ta ce a tsaye muke. Ɗaya ya wuce ɗaya, ta ce ana juyawa, ko da kuwa kana kwance a kan katifarka.

Hajiya Binta: Malam Buba dakata. Gulutamet ɗin nan ba shi ne a jikin ledar farin magi ba? Ashe shi ya sa ake cewa yana kawo jiri! Ni daga yau na daina sa shi a miya.

Malam Buba: Hajiya, sinadarin ɗaya ne, ba ki yi kuskure ba. Wani masani a Japan, Ikeda, shi ya gano a 1908 cewa shi ke ba romo ɗanɗano, daga nan aka samo Ajinomoto. Yana cikin tumatir da nama da daddawa ma. Amma na cikin miya hanji ne ke cinye akasarinsa, kuma ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da ke shigo mata daga jini. Wanda ƙwayoyin kunne ke aike da shi a can suke haɗa abinsu. Ki rage magi don gishirin da ke ciki, saboda hawan jini, amma ba shi ke juya wa Inna ɗaki ba.

Adda Jummai: To Malam me ke juya shi? Ni fa har yanzu ban ji an zo kan Inna ba.

Sista Rifkatu: Bari in karɓe shi, in an bar Malam sai mu kwana a aji. Jakunkuna biyun da ya ambata, a cikinsu akwai 'yan tsakuwa ƙanana ƙwarai, irin sinadarin alli, a zaune a kan gashin. Nauyinsu ne ke gaya miki sama da ƙasa, da kuma in mota ta ja ko ta taka birki. Da girma, musamman ga mata, wasu sukan ɓalle su faɗa cikin bututu, yawanci na baya. In Inna ta juya kai, tsakuwar ta gangara ta ja ruwan, makaɗin wannan kunnen ya haukace da kiɗa. Tsakuwa ta kwanta, kiɗa ya koma daidai. Shi ya sa ba ya kai minti ɗaya. Ban ga Inna ba, likita ne zai tabbatar, amma labarin nan na sha jin sa.

Usman Kemis: Duk na ji. Amma ni shekarata goma sha ɗaya a kanti, kuma mutane na dawowa su yi min godiya a kan wannan ƙwayar. Ƙarya suke yi?

Malam Buba: Ba ƙarya suke yi ba Usman, sun ji sauƙi. Tambayar ita ce ina ƙwayar ke aiki. Saƙon kunne yana sauka ne a wasu tashoshi huɗu-huɗu a kowane gefe na gindin ƙwaƙwalwa. A nan akwai wasu 'yan aiken. Akwai histamin, akwai asetilkolin, su ne ke da hannu wajen kai ƙara cibiyar amai. Sinarizin, wato abin da ke cikin Stugeron, yana toshe wa histamin ƙofa. Phenergan ma haka, shi har da asetilkolin yake tarewa, shi ya sa baki ke bushewa. To histamin ɗin nan kuma shi ne ɗaya daga cikin masu riƙe ƙwaƙwalwa a farke. Ka toshe shi, ga barcin Inna. Wato ƙwayar ba ta je kunne ta ɗauke tsakuwa ba. Kunnen mai sauraro ta toshe wa auduga, makaɗi yana can yana ta haukansa.

Sista Rifkatu: Kuma ka ƙara masa da cewa sinarizin yana taɓa dofamin, wani ɗan aiken ƙwaƙwalwa mai hannu a motsin jiki. Tsoho in ya daɗe a kansa yakan fara rawar hannu da tafiya sanɗa-sanɗa, a zaci wata cutar ce ta daban. Adda, ki lura da hannun Inna in ta ɗauki kofi.

Usman Kemis: Sista kin cika ɗora mana laifi. Mutum ya zo maka da ƙarfe goma na dare yana amai, ba shi da kuɗin kati, ba shi da na Keke. In ce masa ya je ya nemi likitan kunne? Su nawa ne a duk jihar?

Sista Rifkatu: Ban ce kar ka ba shi ba. Na ce wata biyu ba kwana biyu ba ne.

Malam Buba: A nan kowannenku yana da tasa gaskiyar. Akwai jirin da jijiyar kunne ɗaya ke kumbura ta yi shiru gaba ɗaya. Makaɗi ɗaya ya faɗi, ɗayan yana ta yi. Mutum ya kwana biyu ko uku yana amai, ba ya iya ɗaga kai. Wannan dole a ba shi abin da zai lafa masa. Amma bayan 'yan kwanakin nan sai a janye, a tashe shi ya riƙa takawa yana juya kai, ko da yana jin ba daɗi. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa tana iya sake saita ma'auninta. Tashoshin dama da na hagu suna danne juna da wasu sinadarai masu hanawa, gilaisin da gaba. Ba gaba ta ƙiyayya ba, haruffa ne aka haɗa suka ba da wannan sunan, ko da yake aikin nasa ya yi kama: hana maƙwabci sakat. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya ita ma da gaba take ja wa tashoshin linzami. A hankali ake sassauta wa gefen da ya raunana, a danne mai ƙarfin, har kiɗa ya sake zuwa daidai. Amma sai ƙwaƙwalwa ta ji kuskuren take gyara shi. In ka bar ta cikin maye da ƙwaya, ba ta ji ba balle ta gyara. Valium ma da wasu ke bai wa tsofaffi don jiri, gaba yake ƙara wa ƙarfi, kuma ga haɗarin faɗuwa a banɗaki.

Hamma Sale: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Buba, ina da ja a kan makaɗan nan naka. Ni kunnena likita ya ce ma'aunin ya lalace, amma ɗaki bai taɓa juyawa da ni ba ko sau ɗaya. Shekara shida ke nan. Ƙafata ce ta yi gyambo, wani ya riƙa zuwa gida yana min allurar jentamaisin safe da yamma, sama da sati biyu, ba wanda ya auna min ƙoda. Gyambo ya warke. Ranar da na fara fita, ina tafiya a bakin titi wajen Tashar Dukku, sai na ga allunan shaguna suna tsalle sama da ƙasa da kowane taku, kamar hoton da yaro ya ɗauka yana gudu da waya. Sai na tsaya cak nake iya karanta rubutu ko gane fuskar mai zuwa. Mutane sun yi ta cewa na fara girman kai ba na amsa gaisuwa. Da dare in an ɗauke wuta kuwa, sai da bango nake zuwa alwala. To ina juyawar?

Malam Buba: Hamma, ai kai ne shaidar maganar, ba mai karya ta ba. Allurar ta bi jini ta je kunne biyun lokaci guda. Jentamaisin da 'yar uwarta sitireftomaisin an san su da kashe ƙwayoyin nan masu gashi, kuma a jikin ɗan Adam akasari in sun mutu ba sa dawowa. Makaɗanka biyu tare suka yi shiru, babu bambanci, don haka babu juyawa. Abin da ka rasa shi ne aikin da kunne ke yi wa ido. Kowa ya gwada yanzu: riƙe wayarka ka kafe ta, ka girgiza kai dama da hagu kana karanta wannan saƙon. Yana karantuwa. Yanzu tsayar da kai, ka girgiza wayar da irin wannan saurin. Rubutu ya dagule. A na farkon kunne ne ke juya ƙwayar ido kishiyar inda kai ya nufa, ta hanyar jijiyoyi uku kacal a jere, cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa. Ido shi kaɗai ba ya da wannan saurin.

Hajiya Binta: Na gwada, maigidan ya shigo ya same ni ina kaɗa kai kamar ƙadangaruwa, yana tambaya ko lafiya.

Hamma Sale: To na yarda. Da na san haka tun farko da ban kashe kuɗi wajen canza tabarau har sau uku ba.

Usman Kemis: Wannan allurar kam ni ba na yin ta sai da takardar likita. Allah ya ƙara sauƙi Hamma.

Ɗanjuma Direba: Malam ni ma a ba ni nawa. Hanyar Yola nake bi, kuma daga Kumo zuwa Kaltungo sai an sami mai cewa direba tsaya. Wanda ya hau hanyar Tula mai kwana-kwana kuwa ba a magana. Kullum da baƙar leda nake tafiya. Amma ni da nake tuƙin ban taɓa jin ko tashin zuciya ba. Kuma na lura masu latsa waya a kujerar baya su ne kan gaba.

Malam Buba: Saɓanin shaidu ne. Mai kallon waya idonsa na cewa a zaune muke, kunnensa na cewa ana ta kwana da mu. Ƙwaƙwalwa ta rasa wa za ta gaskata, histamin da asetilkolin su kai maganar cibiyar amai. Kai kuwa idonka na kan titi, kuma ka san kwanar kafin ta zo tunda kai za ka murza sitiyari. A nan ƙwayar Usman take da amfani na gaske, in an sha ta tun kafin a hau mota. In amai ya riga ya taso, ciki ba ya ma karɓar ta yadda ya kamata. Ban da direba fa, kar in ji ka sha.

Wani abu kuma, ba kunne kaɗai ke aike ba. Ƙwaƙwalwa ma tana da jijiyoyin da ke komawa kunne, su fesa asetilkolin a kan ƙwayoyin gashin da bakin jijiya, su gyara yadda ake kiɗan. Asetilkolin ɗin nan shi ne ɗan aiken da aka fara kamawa dumu-dumu. A 1921 wani masani, Oto Lowi, ya tsokani jijiyar zuciyar kwaɗo ta rage bugu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa wata zuciyar, ita ma ta rage. Shi da Henri Del suka sami kyautar Nobel a 1936.

Sista Rifkatu: Tunda an shiga tarihi, ni Barani na sani, don saboda shi ake mana faɗa a wurin aiki. Likita ne a Biyana ta Ostiriya. Ya lura in ya wanke wa mutum kunne da ruwa mai sanyi ko mai zafi sai jiri ya kama shi, ido ya riƙa fizga, domin zafin ko sanyin na motsa ruwan bututun. An ba shi Nobel ta 1914, labarin ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Ina sabuwar ma'aikaciya na taɓa ɗibar ruwan randa lokacin hunturu na wanke wa wani bawan Allah kunne. Mutumin nan ya rungume kujera yana salati, idonsa na rawa, ya amayar da kunun da ya sha a kan takalmina. Tun ranar sai na ɗumama ruwa ya yi daidai da ɗumin jiki, digiri 37.

Adda Jummai: Jama'a an kai Rasha, Inna tana Jekadafari nan Gombe.

Dakta Aisha: Yi haƙuri Adda, yanzu na ga saƙonnin. Ki kawo ta sashen kunne, hanci da maƙogwaro, Asibitin Koyarwa na Tarayya yana da shi. Za a zaunar da ita a kan gado, a juya kanta gefe, a kwantar da ita da sauri kai ya ɗan rataya, a kalli idonta. Gwajin Diks da Holfaik ke nan, tun 1952 ake yin sa. In tsakuwar ce, ido zai nuna, kuma zai nuna wane kunne. Daga nan a bi da kan mataki-mataki har tsakuwar ta gangara ta koma jakarta, dabarar da likita Efli na Amurka ya wallafa a 1992. Minti kaɗan ne, ba allura ba ƙwaya. Wasu sau ɗaya ya ishe su, wasu sai an maimaita, kuma yakan dawo bayan wani lokaci. Kar ku gwada daga bidiyo a gida, tsohuwa ce, sai an duba wuyanta. Ki zo da kwalin maganin da duk wani abin da take sha.

Malam Sani: Kafin nan ta yi sallarta a zaune, ta yi nuni da kai gwargwadon iko. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya. Goggo kuma a bar ta ta yi addu'arta, ba ta hana zuwa asibiti.

Adda Jummai: Salam. Na dawo da bayani, jiya Talata muka je. Da aka kwantar da ita ta dama, kamar daƙiƙa uku ba komai, har na ce a raina yau jirin ya ƙi zuwa. Sai ta ƙwala salati ta cafke hannun likita. Na leƙa fuskarta, wallahi ƙwayar idon tana fizga tana murɗawa ita kaɗai, ban taɓa ganin irin wannan ba. Aka jira ya tsaya, aka juya kan hagu, aka mirgina ta, aka tayar da ita zaune. Aka sake gwadawa, shiru. An ce ta bar ƙwayar. Yau da asuba ta yi sujada ta ɗago, ta zauna tana jiran ɗakin ya juya, bai juya ba. Sai dai ta ce tana jin kanta fayau kamar tana taka katifa.

Dakta Aisha: Wannan yakan ɗauki 'yan kwanaki, wani lokaci sati ɗaya ko biyu. Ta riƙa zagaya tsakar gida, kar a ce ta kwanta ta huta. In juyawar ta dawo ku komo.

Usman Kemis: Alhamdu lillahi. Dakta, wace rana kuke ganin masu wannan? Akwai wani dattijo mai sayen ƙwayar nan a wurina tun azumi, gobe in ya zo zan rubuta masa a takarda.

Adda Jummai: Goggo dai ta ce hayaƙinta ne ya yi aiki, don daren Litinin ta turara ɗakin.